Tun da na ga kyanwar mahaifiyata tana cin mushe barci ya ƙaurace mini

Assalamu alaikum Anti. Abin da zan faɗa miki ina jin nauyinsa, shi ya sa na gwammace in rubuto. Mahaifiyata ta rasu bara. Mu biyu muke zaune a gidan, yanzu ni kaɗai na rage, sai wata kyanwa da ta daɗe tana kiwo. Na ci gaba da kula da ita har muka shaƙu, a gefen ƙafata take kwana. Kwanakin baya na same ta a bayan ɗaki tana cin wani mataccen tsuntsu da har ya fara wari. Ta ɗago ta kalle ni, gashin tsuntsun manne a bakinta, ta mai da kai ta ci gaba. Da na ba wata ƙawata labari sai ta ce ai wannan kaɗan ne, kyanwa ko uwargijiyarta ce ta mutu aka rufe su tare a ɗaki, cin ta za ta yi. Tun daga ranar ba na iya barci. In ta zuba mini ido sai in ga kamar jira take yi. Ina tunanin in na mutu a ɗakin nan ba wanda ya sani, abin da za a tarar ke nan. Daga nan sai tunanin ya kai ni kabarin mahaifiyata. Mafi muni, har a cikin salla zuciyata na tambaya ta: me ya sa Allah mai rahama ya halicci duniya a haka, wani na cin wani, mu ma ƙarshenmu abincin tsutsa? Anti, in kore ta ne? Kuma imanina bai lalace ba kuwa?

Daga wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka makwancinta, ya ba ki haƙurin rashinta. Kin yi daidai da kika fito da maganar nan, don irin wannan tunani a ɓoye yake ƙiba.

Kada ki kori kyanwar. Imaninki kuma yana nan. Na sa waɗannan biyun a gaba don ki karanta sauran da kwanciyar hankali, saboda akwai wuraren da ba zan sassauta miki gaskiya ba.

Maganar ƙawarki ba ƙarya ba ce, sai dai rabin labari ta ba ki. Likitocin da ke binciken gawa sun rubuta lokuta da dama da aka tarar dabbar gida ta taɓa gawar mai ita, kusan kullum a gidan da mutum ke zaune shi kaɗai, ya mutu ƙofa a rufe, dabbar ta rasa hanyar fita. A rubuce-rubucen nan karnuka sun fi kyanwoyi yawa, duk da kare ne ake wa kirarin amana. A Amurka, Jami'ar Colorado Mesa tana da wani fili da aka kewaye, inda ake ajiye gawarwakin mutanen da suka ba da jikinsu don bincike, a ga yadda gawa ke sauyawa, saboda masu binciken kisan kai su iya ƙiyasta lokacin mutuwa. A wani rahoto da masu wannan aiki suka fitar a 2020, kyamara ta kama kyanwoyi biyu suna shiga filin suna ci. Kyanwoyin titi ne marasa ubangida, waɗanda ba mai ajiye musu kwano. Ban kawo wannan don in ƙara miki tsoro ba. Na kawo ne don in na ce miki ƙarya ne, gobe za ki ci karo da labarin a intanet, ki daina yarda da duk abin da na gaya miki.

Rabin da ƙawarki ta bari shi ne dalilin. Kyanwa dabba ce da aka gina jikinta a kan nama zalla. Akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗawa yadda zai ishe ta, sai a nama take samu, in ta daɗe ba ta samu ba ganinta kan lalace, zuciyarta ta yi rauni. Harshenta ko zaƙi ba ya ji. Kuma ba ta jure yunwa, musamman mai ƙiba: in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta har ya kashe ta. To ki ɗauki halitta irin wannan ki rufe ta a ɗaki, ba abinci, ba ruwa, wadda ta saba zuba mata tana kwance ba ta motsi. Abin da zai biyo baya aikin yunwa ne. Ba ta ƙulla shi ba, ba ta kwana tana lissafinsa ba, ba ta ma san akwai wani abu wai shi mutuwa da ke jiran ki ba. Kallon da take miki, wanda kike gani kamar jira, shi ne dai kallon da take miki tun kafin ranar tsuntsun. Idonta bai sauya ba, labarin da aka zuba miki a kunne ne ya sauya yadda kike karanta shi.

In kina son ki san ko ta damu da ke, an gwada. A 2019 masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon sun riƙa sa kyanwa da mai ita a ɗakin da ba ta sani ba na minti 2, mai ita ya fita na minti 2, sannan ya dawo. Kusan 65 cikin 100 na kyanwoyin, da ganin mai su ya dawo sai hankalinsu ya kwanta, su je su gaishe shi, su ci gaba da zagaya ɗakin. Adadin ya yi kusa da abin da ake samu in an yi wa jarirai irin gwajin da iyayensu. Wadda ke zaɓar gefen ƙafarki duk dare, alhali gidan na da wuraren kwana da yawa, ta riga ta ba ki amsa.

Tsuntsun kuwa, sana'arta ce kika gani. Asalin kyanwar gida kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, mutum da kyanwa a binne kusa da juna. Tun wancan zamani saboda haƙoran nan da faratan nan aka karɓe ta a gida. Ta fi son abin da ta kama da kanta, amma in ta samu matacce tana iya ci. Abin yi a nan kaɗan ne: ki ƙosar da ita da abincin da ke da nama ko kifi, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata allurar rigakafin ciwon hauka, ki riƙa wanke hannu bayan kin kwashe kashinta. In ƙyama ba ta barin ki, ki yi mata shimfiɗa a wajen ɗakin kwana na ɗan lokaci. Ba laifi.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki. Kin ce "ni kaɗai na rage". Kin ce "in na mutu a ɗakin nan ba wanda ya sani". Hoton da ke hana ki barci ba ya tabbata sai an cika sharaɗi guda: a yi kwana da kwanaki ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarki, ba wanda ya kira wayarki ya ji shiru ya damu. Wannan ne abin tsoron, kuma abin tsoro ne na gaskiya. Lokacin da Mama ta cika, kina wurin. Ke kika rufe mata ido, ko kika kira waɗanda suka rufe, aka yi mata wanka, aka sallace ta. Zuciyarki tana tambayar wa zai yi miki abin da kika yi mata, ba ta samu amsa ba, sai ta ɗora laifin a kan abin da ke gabanta yana numfashi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. In kin kori kyanwar yau, daren gobe za ki kwanta a ɗakin da ya fi na jiya shiru, tambayar kuma tana nan ba ta motsa ba.

Zan dawo kan wannan, don yana da magani a hannunki. Amma na ga tambayar da ta fi ci miki rai ita ce ta ƙarshe.

Wasu sahabbai sun je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a zukatansu wanda girmansa ba zai bar su su furta ba. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Malamai sun bayyana cewa ƙin tunanin da jin tsoronsa ne alamar imanin. Wanda imaninsa ya tafi ba ya rasa barci don tsoron kada ya tafi. Ke da kika kasa ko furta maganar sai a rubuce, kina cikin waɗannan.

Kuma tambayar kanta tsohuwa ce, ta girgiza mutanen da suka fi mu sanin dabbobi. A 1860 Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya rubuta wa abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai a Amurka, cewa ya kasa shawo kan kansa ya yarda Ubangiji mai rahama mai iko zai halicci da gangan wani irin zanzaro da ke zuba ƙwai a jikin tsutsa mai rai, 'ya'yan su ci ta daga ciki, ko ya sa kyanwa ta riƙa wasa da ɓera. Kin ga, kyanwa ce shi ma ta tsaya masa a rai. Gray ya san binciken Darwin game da halittu sosai, ya ma goyi bayansa a Amurka, amma ya mutu yana mai imani da Allah. Abu ɗaya suka kalla, suka tashi da hukunci biyu. Ashe ganin kyanwa da mushe ba ya yanke wa kowa hukunci game da Allah. Abin da mutum ya zo da shi a zuciya yana da hannu a cikin abin da zai tafi da shi.

Wanda ya fi kusa da halin da kike ciki shi ne Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A Suratul Baƙara, aya ta 260, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu. Aka ce masa, ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Wasu malaman tafsiri sun kawo cewa abin da ya jawo roƙon shi ne ya wuce ta wurin wani mushe, namun daji suna ci, tsuntsaye suna ci, sai ya yi tunanin yadda za a tattaro naman da ya watsu a cikkuna daban-daban. Ki lura da abin da ya biyo baya. Ba a tsawata masa ba, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. An umarce shi ya kama tsuntsaye huɗu, ya rarraba su a kan duwatsu, ya kira su, suka taho masa da gaggawa. Badaɗin Allah ke nan, mushe ya sa shi tambaya, kuma aka amsa masa da nuni. Ke da kika ga mataccen tsuntsu a bakin kyanwa zuciyarki ta tashi, ba ki fita daga hanya ba.

Akwai abin da muke cakuɗawa, mu ɗauka abin da ya samu gawa shi ne ƙimar mai gawar a wurin Allah. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da Manzon Allah ya tsaya a kan gawar baffansa Hamza, bayan abin da aka yi mata, an ruwaito ya ce da ba don kada Safiyya, 'yar uwar Hamza, ta ji zafi a ranta ba, da ya bar shi namun daji da tsuntsaye su ci, a tashe shi daga cikkunansu ranar ƙiyama. Shugaban shahidai ake magana a kai. Da cin dabba wulaƙanci ne a wurin Allah, da ba a faɗi haka game da shi ba. Sannan ki duba dalilin da aka ambata: zuciyar mai rai. Haka kuma Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da tsoron Allah ya sa ya umarci 'ya'yansa in ya mutu su ƙone shi, su sheƙe tokar rabi a tudu rabi a teku. Allah ya umarci tudu da teku suka tattaro shi, ya tambaye shi dalili, ya ce tsoronka ne ya Ubangiji, aka gafarta masa. Wanda ya tattaro toka daga teku, cikin tsutsa ko na kyanwa ba zai ɓatar masa da komai ba.

Wannan ba ya rage wajibcin suturta mamaci. Wankansa da likkafani da salla da binnewa hakki ne a wuyan masu rai, kuma an hana ko karya ƙashin gawa. Sai dai mu aka ɗora wa wannan, mu da aka ba hankali. Dabba ba a ɗora mata ba, ba ta da zunubi a abin da ta ci. Abin mamaki ma, ɗan Adam na farko da ya tsaya da gawa a gabansa bai san yadda zai yi da ita ba, hankaka aka aiko ya nuna masa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 31. Hankaka mai cin mushe ne. A wurinsa muka koyi binne namu.

Game da Mama: kin sauke abin da ke wuyanki, kun mai da jikinta ƙasar da aka halicce shi daga gare ta, cikin sutura da addu'a. Abin da ƙasa ke yi da jiki ba ya cutar da ita. Abin da ke isa gare ta yanzu addu'arki ce da sadakar da kika yi dominta. Duk lokacin da tunani ya ja ki cikin kabarin, ki mai da shi addu'a nan take, da baki, ko da gajeriya ce. Kada ki tsaya jayayya da tunanin, jayayya ƙarfi take ƙara masa.

Ko rahamar da kike nema a cikin wannan tsari, wani lokaci sai an cire mai cin mushe ake ganinta. A Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye suka fara mutuwa saboda wani maganin ciwo, diklofenak, da ake ba shanu. In saniya ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Wasu jinsunan sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan titi suka yawaita. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Tsuntsun da kowa ke kau da kai in ya gani, ashe rayuka yake tsarewa. Ban ce wannan ya share duk wani ciwo da ke duniya ba, ɓeran da ke bakin kyanwa yana jin zafi, kuma zuciyar da ta tausaya masa zuciya ce mai kyau. Amma ƙyamar da muke ji ma'auni ce da aka ba mu don mu nisanci abin da zai sa mu ciwo. Ba a ba mu ita don mu auna hikimar Allah da ita ba.

Ita kuma kyanwar tana da hakki a kanki. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. A hadisin Abu Ƙatada kuma Manzon Allah ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ya faɗi haka yana sane da abin da kyanwa ke ci. Wadda ta tsufa a gida tana cin na kwano, in aka jefar da ita nesa, yunwa da karnuka da mota ne ke jiran ta. Kuma wannan ta Mama ce, hannunta ya shafa ta shekaru. In bayan wata biyu ko uku kin ga har yanzu ba ki iya zama da ita, ki nemo wanda kika amince zai riƙe ta ki ba shi hannu da hannu. Ina dai roƙon ki kada ki yanke wannan shawara a cikin makon da ba ki yi barci ba.

Sai mu koma kan ƙofar da kike tsoron ba wanda zai ƙwanƙwasa. A satin nan ki zaɓi mutum biyu, ɗaya cikin dangi, ɗaya maƙwabciya ta kusa. Ki gaya musu a fili cewa tun rasuwar Mama zaman kaɗaici na damun ki, kina so ku riƙa gaisawa kullum da safe, ko da saƙon waya ne, in kuma rana ta ɗaga ba su ji ki ba su kira, in ba ki ɗauka ba su zo. Ki ba ɗayansu mabuɗin gidan. Na san nauyin faɗin haka, za ki ji kamar kina ɗora wa mutane kaya. Yawancin mutane daɗi suke ji in an nuna an amince da su har haka, kuma wataƙila wadda za ki tambaya ita ma da irin tsoron take kwana. Ki faɗa musu wa zai ɗauki kyanwar in kin kwanta asibiti ko wani abu ya faru, ki riƙa bar mata ruwa wadatacce da hanyar da za ta iya fita tsakar gida. In akwai 'yar uwa ko 'yar ɗan uwa da za ta iya zuwa ta riƙa taya ki kwana, ko da kwana biyu a mako, ki neme ta.

Ki daina bibiyar irin waɗannan labarai a waya, musamman da dare. In kuma kin yi duk wannan amma rashin barcin ya zarce makonni, ko kin daina cin abinci, ko tunanin mutuwa ya hana ki aikinki, ki je ki ga likita ki gaya masa kamar yadda kika gaya mini. Baƙin cikin rashi kan rikiɗe ya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Waswasin da ke zuwa miki a salla ki kai wa malami ko malama mai sanyin hali, wanda zai saurare ki har ki gama kafin ya yi magana. In kin samu mutum biyun nan, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.